Turbar baƙi a cikin wata gonar dabino ta Awali: abin da na gani a zuwa biyu

Duk wanda ya taɓa raka alhazai ziyara a Madina ya san yadda ake ƙarasa ta. Bayan an yi nafila a Ƙuba, an tsaya a Ƙiblataini, an yi wa shahidan Uhudu sallama, sai direba ya ce saura gonar dabino, ya karkata da mota zuwa wani fili mai itatuwa goma ko ashirin a bakin ƙofa, bayansu kuwa katafaren shago ne cike da kwalaye, inda yake da la'adarsa a kan duk abin da aka saya. Na yi shekaru ina kai 'yan uwa irin waɗannan wurare ba tare da abin ya dame ni ba, har sai da kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya zo Umara daga Dutse tare da Gwaggo. Shi manomin dabino ne tun yana saurayi, kuma da muka fito daga shagon ya dube ni ya ce: "Ɗana, wannan ai kasuwa ce. Ni gona nake so in gani, inda ake ban ruwa, inda taki yake wari." Maganar nan ce ta sa na shiga cigiya a wurin abokan aiki da maƙwabta, har aka kwatanta mini wata gona ta iyali a Awali, kudu maso gabas da Harami, wadda masu ita suka fitar da turba a cikinta domin baƙi su zaga da ƙafa alhali aikin gona yana tafiya yadda ya saba. Na je sau biyu, na farko a ƙarshen Fabrairu tare da Kawu da Gwaggo, na biyu a watan Yuli tare da iyalina. Na bar sunan gonar a rufe saboda ta mutane ce masu zaman kansu, kuma a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai ƙorafi.

Tsarin shiga ba shi da wahala. Ana aika saƙo ta WhatsApp kwana ɗaya kafin zuwa, a faɗi yawan mutane, su kuma su ba da lokaci, ko dai da safe bayan hantsi ya ɗan ɗaga ko kuma bayan La'asar. Mun biya riyal 20 a kan kowane babba, yara ƙanana ba a karɓi komai a kansu ba, kuma a cikin kuɗin akwai gahawa da ɗan faranti na dabino. Ba sa barin fiye da mutum goma sha biyar su shiga a lokaci guda, abin da na ɗauka ƙyashi ne da farko, sai da na ga faɗin turbar na gane dalili.

Turbar ita ce ainihin abin da ake biyan kuɗi dominsa, kuma a kanta nake so in daɗe. Faɗinta bai wuce mutum biyu su jera ba. An zuba mata tsakuwa, an jera baƙaƙen duwatsun da suka cika Madina a gefe da gefe, sannan aka ja igiya mai kauri a tsayin ƙugu a duk inda ta matso kusa da fangalan na'ana'a da sauran ganyaye da ake shukawa a inuwar dabino. Inda ta haɗu da magudanar ruwa an ɗora katako mai faɗi, inda ta haɗu da bututun ban ruwa an binne shi a ƙarƙashinta don kada ƙafa ta taka. Ba ta bi ta tsakiyar gona ba. Ta bi gefe ne, ta lanƙwasa ta bayan garken tumaki a nesa da za a gan su amma ba za a firgita su ba, ta ratsa layi biyu na manyan itatuwan ajwa, ta zagayo ta rijiya, ta dawo bakin ƙofa. Hanyar da ƙaramar motar ɗaukar taki take bi daban ce, kuma a wuri ɗaya kawai suka gitta juna, inda aka sa 'yar ƙofa mai sakata da kowa zai buɗe ya rufe. Da Kawu ya yi taku kamar hamsin yana duban igiyar da duwatsun, sai ya tsaya ya ce wannan ai burtali ne, bambancin kawai shi ne na mutane ne ba na shanu ba. Ban ji kwatancin da ya fi wannan dacewa ba. A ƙasar Hausa an daɗe da sanin cewa mai wucewa da mai shuka ba sa zama lafiya sai an ware wa mai wucewa hanyarsa an yi mata shinge, kuma duk inda aka cinye burtali aka mai da shi gona, rigima ce ke biyo baya. Wanda ya tsara wannan turba ya fahimci haka: baƙo yana ganin komai, yana jin ƙamshin komai, amma babu inda ƙafarsa za ta ɓata aikin wani.

Mun yi sa'a zuwanmu na farko ya faɗo a lokacin barbara. Dabino yana da namiji da mace, kuma manomi ba ya barin iska ta yi masa aikin, sai ya yanko furen namiji ya kai wa kowace mace da hannunsa. A layin ajwa muka tarar da wani ma'aikaci a saman itace, ya ɗaura ɗamarar igiya da ta zagaye shi da gangar jikin dabinon, ya jingina bayansa a kanta, tafin ƙafarsa a kan guntayen rassan da aka sare. Ya riga ya share ƙayoyin da ke gindin rassa da wata lanƙwasasshiyar wuƙa, domin ƙayar dabino tana huda hannu har ta yi kumburi. Muna kallo ya buɗe kwanson furen mace da ya tsage, ya zaro sili huɗu ko biyar na furen namiji daga jakar da ke rataye a wuyansa, ya karkaɗa su a kai har farin gari ya tashi, sannan ya kifa su a tsakiyar furen ya ɗaure da zaren ganye. Kawu ya ɗaga kai ya ce da ni, da Hausa, sili ukun ma sun isa in namijin mai kyau ne. Sai muka ji an amsa daga sama: "Baba Alhaji, ajwa tana son gari da yawa. Sannunku da zuwa." Gwaggo ta yi salati don mamaki.

Da ya sauko ya durƙusa ya gaida su, ya ce shi mutumin Mai Wurno ne a bakin Shuɗin Nilu, a jihar Sinnar ta Sudan, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa tana da gaurayen Larabci, amma tsaf take. Shi da Kawu suka shafe kusan rabin sa'a a tsaye, shi a cikin gona Kawu a kan turba, igiya a tsakaninsu, suna maganar yawan matan da namiji ɗaya zai wadatar, da yadda ake rage 'ya'ya a nonon dabino don waɗanda suka saura su yi girma, da dalilin da ya sa ba a dogara da ƙwallo wajen shuka: kusan rabin abin da ya tsiro daga ƙwallo maza ne, matan kuma ba sa ɗauko halin uwarsu, shi ya sa ake cire 'ya'yan da ke tohowa a gindi a dasa, a jira shekara huɗu ko biyar kafin su fara haihuwa. Na tambaye shi ko baƙi ba sa hana shi aiki. Ya ce a wurinsu a Jazira, yankin noma na Sudan, inda aka fara noman rani da ruwan madatsar Sinnar tun 1925, bakin kowace magudana hanya ce ta kowa, mai jaki da mai keke da 'yan makaranta duk nan suke bi, kuma babu wanda ya taɓa cewa sun hana auduga fitowa, matuƙar ba su sauka cikin fangali ba. Abin da ke ɓata masa rai, in ji shi, bai wuce mutumin da zai tsallake igiya don ɗaukar hoto ya taka bakin kwarin da aka yi wa itace, ruwan da aka sako ya malale a banza ba.

Wannan hirar ita ce mafi darajar abin da muka samu a ranar, kuma ba ta cikin tsarin da aka biya wa kuɗi. Ta yiwu ne kawai saboda gonar gona ce ta gaske, ma'aikacin yana bakin aikinsa, turbar kuma ta kawo mu kusa da shi ba tare da ta sa mu a gabansa ba. Jagoran da aka haɗa mu da shi, wani saurayi daga cikin iyalin, ya kyauta da bai katse su ba. Ya tsaya gefe da ladabi har suka gama.

Akwai doka guda da aka nanata mana tun a bakin ƙofa, kuma aka rubuta a allo: ba a shiga da wani ɓangare na dabino daga waje, ba a fita da reshe ko ɗan dashe, ba a taɓa bokitan da ke gindin itatuwa. A zuwa na biyu ne na ga muhimmancinta, lokacin da ƙaramin ɗana ya miƙa hannu ta ƙarƙashin igiya zai buɗe wani bokiti da aka binne rabinsa a ƙasa, an huda tagogi a gefensa an naɗe shi da buhu. Jagoran ya riƙe hannunsa a hankali, ya durƙusa daidai tsayinsa, ya buɗe murfin da kansa ya nuna masa. A ciki akwai ruwa da ruɓaɓɓen dabino, a jikin murfin an rataye wata 'yar leda mai sinadarin da ke janyo ƙwaro, a kan ruwan kuma ga wasu jajayen ƙwari biyu masu dogon baki, kowanne ya kai tsawon gaɓar yatsa. Wannan shi ne jan ƙwaron dabino, wanda Larabawa ke kira susa. Asalinsa daga kudancin Asiya yake, an fara ganinsa a Saudiyya a yankin Ƙaɗif a 1987, kuma tun daga lokacin ya zama babban abokin gaban manoman ƙasar da ke da itatuwan dabino fiye da miliyan 30. Macen tana yin ƙwai a duk inda itace ya sami rauni, tsutsar ta shige ciki tana cin zuciyarsa, daga waje ba a ganin komai sai ɓarna ta yi nisa, wani lokaci sai dai a wayi gari a ga kan itacen ya faɗo. Hanyar da ya fi yaɗuwa ita ce ta ɗaukar 'ya'yan dashe daga wata gona zuwa wata, shi ya sa hukuma ta sa ido a kan safararsu. Bokitan tarko ne, kuma da yawan abin da suka kama ake gane ko ƙwaron ya ƙaru a wani ɓangare na gonar.

Na kawo wannan dalla-dalla ne saboda mu mazauna birni muna saurin ɗaukar katangar manomi a matsayin rowa. Mutumin da ya jira itace shekara biyar kafin ya ci ɗansa, yake kuma sa ran jikokinsa su ci, yana da hujjar jin tsoron duk wanda zai shigo masa da abin da bai sani ba. Ko a Birtaniya, inda hanyoyin ƙafa na jama'a suka ratsa gonaki ko'ina, da cutar baki da kofato ta ɓarke a 2001 sai da aka rufe yawancinsu na watanni, aka kashe dabbobi fiye da miliyan 6. Gonar da ta buɗe ƙofarta ga baƙi ta ɗauki kasada ta gaske, kuma abin da ya burge ni a nan shi ne ba su ɓoye wa baƙo wannan ba, sun bayyana masa dalilin kowace doka har yaro ma ya fahimta.

Batun cin 'ya'yan itace ma sun warware shi da hikima. A watan Yuli rutana, wani irin dabino da ake ci ɗanye, ta nuna, nonnan dabino sun sunkuyo an sa musu raga saboda tsuntsaye, wasu har hannun yaro zai kai. Maimakon su bar mutane da kwaɗayi da igiya kawai, sai suka ajiye kwando a wurare uku a kan turbar, cike da abin da aka tsinko da safiyar ranar, kowa ya ci iya cikinsa amma kada ya zuba a aljihu. Uwargidana ta ce wannan ai shi ne abin da aka ruwaito, cewa wanda ya shiga lambu ya ci amma kada ya ƙunsa a tufafinsa, da kuma labarin Rafi'u ɗan Amru, wanda yana yaro aka kama shi yana jifan dabinon Ansar, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa kada ya yi jifa, ya ci abin da ya faɗo. A garin da aka yi wannan hukunci, a ƙarƙashin irin itatuwan, ganin ana aiki da shi a aikace ya taɓa zuciyata ƙwarai. Ɗanyen dabinon da aka tsinko da safe kuwa, mai laushi da sanyin inuwa, bai haɗa hanya da wanda ya kwana a kwali ba.

Ƙorafina na farko, kuma mafi nauyi, ya shafi Gwaggo. Tana fama da gwiwa, a Harami ma da keke ake tura ta, kuma na faɗi haka a saƙon da na aika, aka amsa mini cewa babu matsala. Da muka zo sai muka tarar tsakuwar da aka zuba tana da zurfi, ƙafafun keken suna nutsewa, katakan da aka ɗora a kan magudanai kuma suna da tudu a bakinsu wanda sai mutum biyu sun ɗaga. Mun yi ƙoƙari har wajen layin ajwa, daga nan ta ce a mai da ita rumfar bakin ƙofa ta jira mu. Ta yi kusan sa'a guda ita kaɗai da gahawa a gabanta, kuma ko da yake matan gidan sun fito sun zauna da ita daga baya, ba wannan ta zo yi ba. Mafi yawan masu zuwa Madina daga ƙasashenmu dattawa ne, sun tara kuɗin tafiyar nan shekara da shekaru, kuma da yawansu manoma ne da za su fi kowa jin daɗin wurin. Gyaran ba mai tsada ba ne: a daddaɓe ƙasar turbar ta yi tauri a rage tsakuwa, a sassaƙe bakin katakan su kwanta, a ƙara benci ko da biyu a inuwa, domin a duk tsawon zagayen wurin zama ɗaya na gani. Idan kuma ba za a gyara ba, to a faɗa wa mutum gaskiya tun a waya.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne. Banɗaki ɗaya ne ga maza da mata, abin da bai dace da wurin da ke karɓar iyalai ba. Allunan bayani da Larabci da Turanci kawai aka rubuta su, alhali hoto mai nuna abin da aka hana zai isar da saƙo ga wanda bai iya ko ɗaya ba. A zuwa na biyu an yi feshi a wani ɓangare kwana ɗaya kafin mu zo, aka rufe kusan sulusin turbar, wanda daidai ne a rufe, amma ba a sanar da mu ba sai da muka biya muka shiga. Akwai ɗan shago a bakin fita inda suke sayar da ajwa da safawi da anbara da na'ana'a. Farashin ajwarsu ya ɗara na kasuwar dabino ta cikin gari, sai dai ba wanda ya matsa mana mu saya, kuma mutum ya ga itacen da ta fito da idonsa, a Awalin da hadisi ya ambaci ajwarta da suna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba laifin masu gonar ba ne. A can ƙarshen gabas turbar tana zuwa ta ci karo da katangar bulo mai tsayi, ta juya ta dawo. Ta saman katangar ana hango kawunan dabinon maƙwabci, bayansa kuma akwai wata gonar, da wata, amma kowacce a kulle take da ƙofar ƙarfe, tsakaninsu sai kwalta da gine-ginen da ke ta cinye gonakin Awali shekara bayan shekara. Zagayen gaba ɗaya bai fi minti arba'in ba ga mai tafiya a hankali. Na tsaya a gindin katangar ina tunanin yadda zai kasance da a ce gonaki biyar ko shida sun yarda kowacce ta ba da zira'i kaɗan a gefenta, turba ɗaya ta haɗa su, mutum ya taso daga Ƙuba ya yi tafiyar sa'a biyu a inuwa. Jagoran ya ce sun taɓa tuntuɓar maƙwabcin, ya ƙi, saboda iyalinsa suna zama a gonar a ƙarshen mako kuma ba ya son idon baƙi a kansu.

Ban ga laifin maƙwabcin ba, kuma Madina ta san irin wannan matsala tun farkonta, ta ɓangarori biyu. An ruwaito cewa Samura ɗan Jundubu yana da wasu itatuwan dabino a cikin lambun wani Ba'ansare da ke zaune a ciki da iyalinsa, shigarsa tana cutar da mai lambun, aka nemi ya sayar ko ya yi musaya ko ya bayar kyauta ya ƙi, daga ƙarshe aka hukunta cewa shi mai cutarwa ne aka ba da umarnin cire itatuwan. Wannan ya kare sirrin mai gida. A ɗaya ɓangaren kuma Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Dahhaku ɗan Khalifa ya so ya ja magudanar ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, Muhammadu ya hana shi duk da cewa shi ma zai amfana kuma ba za ta cuce shi ba, sai Sayyidina Umar ya tilasta a wuce da ita. Ga kuma lambun Bairuha na Abu Ɗalha, wanda yake fuskantar masallaci, Manzon Allah yana shiga ya sha ruwansa mai daɗi. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne ana duba cutarwa ne: inda wucewa za ta cuci mai gona a hana, inda ba za ta cuce shi ba bai kamata a toshe ba. Damuwar maƙwabcin nan kuwa shinge mai tsayi na rassan dabino a gefen turba zai iya magance ta.

Wasu ƙasashe sun bi ta hanyar doka. A Ingila da Wales akwai hanyoyin jama'a da tsawonsu ya kai kimanin mil dubu 140, da yawansu ta cikin gonakin da ake nomawa, kuma manomin da ya yi huɗa a kan hanyar da ta ratsa gonarsa dole ne ya mai da ita yadda za a iya bi cikin kwana 14. Ba a banza suka samu ba: a 1932 ɗaruruwan ma'aikata suka hau tudun Kinder Scout ba da izinin masu shi ba, aka ɗaure wasu daga cikinsu, kuma sai a shekarar 2000 aka yi dokar da ta buɗe tuddai da dazuzzukan kiwo ga masu tafiya da ƙafa, ita ma ba ta haɗa da ƙasar da aka shuka ba. Ba na ganin wannan tsari zai dasu a Madina yadda yake, domin gonar dabino a nan rabinta gida ce, kuma ruwa da itace sun fi ciyawar Ingila saurin lalacewa. Abin da ya fi kusa shi ne yarjejeniya da masu gonaki, a biya su, a ɗauke musu nauyin shinge da shara da gadi. Alamun hakan sun fara bayyana. Titin masu tafiya da ƙafa da ya haɗa Masallacin Annabi da Ƙuba, mai tsawon kimanin kilomita 3, kullum cike yake da jama'a bayan Asuba da bayan Isha, wanda ya nuna mutane suna son tafiya in an ba su wuri. Aikin faɗaɗa Masallacin Ƙuba da aka sanar a 2022 kuma ya ƙunshi gyara wurare 57 na tarihi a kewayensa, ciki har da rijiyoyi da gonaki da lambuna. Fatana shi ne a bar gonakin nan su ci gaba da zama gonaki masu taki da tumaki da ma'aikaci a saman itace, kada a share su a mai da su wurin shan shayi da 'yan itatuwan ado.

Ga wanda yake tunanin zuwa, shawarata ita ce ya je, musamman in yana tare da manomi ko da yara. Fabrairu da Maris sun fi daɗin yanayi kuma lokacin barbara ne. Yuli da Agusta akwai ɗanyen dabino amma zafin Madina a lokacin yana wuce digiri 40, don haka sai a nemi zagayen farko na safe, a riƙe ruwa, a sa takalmi rufaffe saboda ƙaya. Mai tafiya da dattijo a keke ya tambaya a fili ko an gyara tsakuwar, kada ya wadatu da "babu matsala". Ya kuma tambaya ko an yi feshi a makon. Riyal 20 ba ta yi yawa ba a kan abin da muka gani, ko da an cire hirar da sa'a ce ta ba mu ita.

Da za mu fita a zuwan farko, Kawu ya ja jagoran gefe ya roƙe shi ya sayar masa da ɗan dashen ajwa guda ɗaya ya kai Dutse, ko nawa ne. Saurayin ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce: "Ya Ammi, ka gafarce ni, wannan ba ya fita daga gonar nan sai da takardar hukuma, kuma ba za a bar ka ka hau jirgi da shi ba." Kawu ya yi shiru, sannan ya ce da shi ne ma haka zai yi. Ya sayi kilo biyu na ajwa, ya karɓi lambar mutumin Mai Wurno, kuma a watan Yulin da na koma sai da ma'aikacin ya tare ni a bakin igiya ya ce Baba Alhaji ya kira shi sau biyu a kan maganar rage 'ya'ya, ya ba ni damin na'ana'a ya ce in aika wa Gwaggo in an sami mai tafiya.